Sista Kafaɗa Ta Sauko Daga Bene

Ban san wanda ya kai ɗakin duba kunne saman bene ba, amma na tabbata bai taɓa yin jiri ba. Kowace safiya, kafin likita ya iso, wata nas takan hau wannan matattakala tana nishi, ta buɗe tagogi, ta ɗuma ruwan wankin kunne, ta gwada shi a bayan hannunta. Ruwan sanyi a kunne, in ji ta, shi kansa yana sa jiri. Sannan ta leƙa benci, inda kowa ke zaune ya karkatar da kai. An manta sunanta na yanka tuntuni. Sista Kafaɗa ake ce mata, kuma makon jiya ta ajiye aiki.

Tambayarta ba ta canzawa, ta yi ta har ta gaji da jin muryarta: "Wane kunne ne ya toshe? Ɗakin ke juyawa, ko idonka ke yin duhu?" Galibi datti ne, wanda mai kunnen ya tura ciki da tsinken auduga. Wasu mura ce ta toshe 'yar hanyar da ke tsakanin hanci da kunne. Wasu kuma abin yana can ciki, wurin da ke riƙe mutum a tsaye, ruwa ya taru ko ya kumbura. Wannan aikin likita ne. Nata kuwa ba wanda ya ɗora mata: ba ta barin mai jiri ya sauka shi kaɗai. Takan tsaya ta gefen kunnen da ke ji, ta ba shi kafaɗa har ƙasa, ta sake hawowa.

Yayana kafinta ne, mai bugun rufi. Ya daɗe yana ɓoye cewa kunnensa na hagu ya cika kamar an ɗura masa ruwa, kuma kwanon rufi na juya masa in ya sunkuya. Tsoro yake kada a daina kiransa aiki. Matarsa ta yi magana har bakinta ya bushe, ni ma na yi, kullum sai ya ce zafin rana ne. Da ƙyar muka ja shi asibiti. Likita ya ce ruwa ne ya taru a can ciki, ya ba shi magani, ya hana shi hawa sama. Yaya ya ce to, irin "to" ɗinsa da na sani. Guduma tana jakarsa, ana jiransa a wani gini.

A bakin matattakala Sista ta miƙo kafaɗa.

"Haba Sista, ni da nake yawo a kan rufi?"

"To bismillah, sauka in gani. Ina gefenka."

Bai kai rabi ba ya cafki kafaɗarta da hannu biyu, gumi na keto masa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta kai bakinta kunnensa na dama, ta ce, "Ɗana, nan ka same ni. A kan rufi wa za ka kama?"

Bai je ginin ba. Yanzu ƙofofi da tagogi yake yi a ƙasa, yana mita, 'ya'yansa kuma suna da uba.

Sista, ke ce sandar wanda ƙasa ta juya wa. Na san kin gaji. An yi miki amai a takalmi. An ce ke mafaɗaciya ce, alhali mai toshewar kunne kike ɗaga wa murya. Da yawa daga waɗanda kika sauke ko fuskarki ba su riƙe ba, don mai jiri ƙasa yake kallo. Wannan yana yi mini ciwo.

Ranar da ta kwashe kayanta, mun je da Yaya. Muka tarar da ita a saman matattakala, jaka a hannu, ta dafe bango tana kallon ƙasa. Ya hau ya tsaya kusa da ita.

"Wane kunne ne mai ji, Sista?"

"Duka biyun, ja'iri. Gwiwa ce ta mutu."

Ya ba ta kafaɗa, suka sauko a hankali.

Mun gode, Sista. Allah ya huta gajiya, ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka rage a saman benen, gobe ma wani zai fito ya dafe bangon nan. Kada ku nuna masa hanya da yatsa.