Baba da Kekunan Ƙofar Silima

Baba ya tsaya a ƙofar silima yana ƙirga kekuna, mu uku muna bayansa cikin kayan Sallah.

A Minna ne, shekarun 1980. Gidajen silima biyu ke gasar jan iyalai a hutun Sallah. Sau ɗaya Baba yake kai mu a shekara, don haka ba ya wasa da zaɓi. A ganinsa, ƙofar da ta fi kekuna, nan fim mai kyau yake.

Na Sabon Gari ya fi, nesa ba kusa ba. Muka shiga, sai ga bencina fayau, 'yan kallon ba za su cika tasi biyu ba.

Baba ya koma wajen mai tsaron ƙofa. "Malam, ina masu kekunan nan?"

"Ai na Ndagi mai gyaran keke ne, Baba. Duk Sallah manaja yake arowa a jera. Rabinsu ma ba iska a taya."

Baba ya gyara hularsa, ya dawo ya zauna. "Dama ni ba na son cunkoso," in ji shi.

Sau uku fim ɗin yana tsinkewa. Amma har ya rasu, cewa yake bai taɓa ganin kamarsa ba.

Jiya 'yata ta zaɓa mana fim, wai shi ya fi yawan masu kallo a waya. Allah ya jiƙan Baba, ga jikarsa tana ƙirga kekuna.

Ku fa, waye mai ƙirga kekunan gidanku?