Shafin Baya da Aka Yanke a Littattafan Malam Bukar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina, wanda mutanen Potiskum suka sani da Malam Bukar mai agogo. Ni Malam kawai nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, sadaka nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Akwai wani rubutu da ya bar mini kwana tara kafin ya cika, na yi duk waɗannan shekaru ina jiran ranar da zan karanta shi, sai a bana na san abin da aka yi da shi.

Malam gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda tirela in ta wuce sai ƙananan kusoshin da ke kan teburinsa su kama rawa. Amma rabin shagon littattafai ne. Duk direban da zai shiga Kano ko Jos ya san saƙon Malam: ya tsaya wajen masu gwanjon littafi ya kwaso masa abin da ya samu. Ba ya zaɓe. Akwai na almara, masu aljanu da garuruwan da ba su a taswira. Akwai na zane, waɗanda labarinsu ke tafiya gida-gida, magana na fitowa daga bakin mutum cikin 'yar da'ira. Akwai na kimiyyar gobe, masu jirage da wasu duniyoyi, ga kuma na tarihi, na Turanci da na Hausa. Kowa yana iya ara, sharaɗi ɗaya ne kawai. In ka gama, ka buɗe farin shafin nan na baya, ka rubuta sunanka da abin da ya riƙe ka. Yakan ce ba darasin da ka koya yake tambaya ba, abin da ya hana ka ajiye littafin yake so ya sani.

Ni malamar firamare ce, kuma a lokacin na tarihi kaɗai nake ɗauka littafi. Na zane kam, in na kama shi a hannun ɗalibi ƙwacewa nake yi. Sai ga shi na auri mutumin da ke raba su a gari. Mun sha yin musu a kan haka. Wata rana na ce masa, "Malam, babba da kai, da furfurarka, kana karanta labarin mutum mai tashi sama?" Ya ɗago da gilashin nan nasa na ido ɗaya, ya ce, "Malama, ke da kike karanta yaƙin da aka gama shi tun kafin a haifi kakanki, kin san wanda ya yi nasara, me ya sa kike ƙin tashi ki duba tukunya?" Ranar kuwa miyata ce ta ƙone.

Shafukan bayan nan su suka fara sauya mini ra'ayi, ba musun Malam ba. Nakan zauna a shagon bayan an tashi daga makaranta in riƙa buɗe su. Wani direban tirela ya rubuta a bayan littafin almara cewa abin da ya riƙe shi shi ne jarumar ba ta san hanya ba amma ba ta juya ba, kuma shi ma haka ya fara tuƙi. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Gadaka ta rubuta a bayan wani na zane cewa akwai gida ɗaya da ba a rubuta ko kalma a cikinsa ba, mace ce kawai tsaye a bakin ƙofa, kuma ta fi minti goma tana kallonsa. Wani dillalin shanu, da rubutunsa kamar tafiyar kaza, ya rubuta a bayan littafin tarihi cewa haushi ne ya riƙe shi, don yana ganin sarkin zai yi kuskure amma ba shi da halin yi masa magana. A hankali na lura ba wanda ya taɓa rubuta cewa aljani ko jirgi ne ya riƙe shi. Kowa wani mutum ya gani a ciki wanda abu ya tsaya wa a wuya, ya kasa tafiya ya bar shi a haka.

A shekarun tashin hankali, lokacin da ake rufe gari tun rana ba ta faɗi ba, aron ya ninka. Mutane sun takure a gida, kunne na waje, zuciya na dukan uku-uku. Na yi zaton tarihi za a nema, sai na ga na almara da na kimiyya ne ke fita. Malam ya ce wanda aka tsare a ɗaki taga yake nema, kuma ba laifi ba ne mutum ya leƙa wata duniya ya sha iska ya dawo. A lokacin ne wasu littattafan shafinsu na baya ya cika, ya riƙa liƙa musu ƙarin takarda da gam.

Da ciwo ya kwantar da shi, littafi ɗaya ne a gefen katifarsa, wani mai kauri na kimiyyar gobe, irin wanda ya san na fi tsana. Wata la'asar ya ce in miƙo masa biro. Ya yi rubutu a shafin baya, ya daɗe yana yi, sannan ya rufe. Ya ce, "Wannan naki ne. Amma sai kin karanta littafin tukuna, ban yarda da satar leƙe ba." Na ce to, ina dariya ina share ido. Bayan kwana tara ya rasu.

Ina cikin takaba aka zo maganar shago. 'Yan'uwansa sun kwashe duk littattafan da ke ɗakinsa, har da wancan, sun haɗa da na shagon, suna shawarar yadda za a yi da su. Sai ga babban amininsa, wanda suka tashi tare tun firamare. Ba zan faɗi sunansa ba, zan ce masa Alhaji, ya san kansa, gari ma ya san shi. Ya tsaya a bayan labulen ɗakina, ya ce, "Malama, kada a taɓa ko ɗaya. Amanar Ya Bukar ce a wuyana. Zan gina musu ɗaki da sunansa, kowa ya zo ya ara kamar yadda aka saba." Na yi kuka na yi masa godiya. Aka loda kwalaye a mota ina ji daga ɗaki, ban ko leƙa ba.

Da na fita takaba na aika a karɓo mini littafin nan guda ɗaya. Ya ce suna can ƙasan kaya a sito, in ɗan yi haƙuri. Bayan shekara na sake tambaya, ya ce ai ana neman fili. Daga baya ya ce ana zuba harsashi. Na ga kamar na fara zama mai naci, shi kuma harkarsa ta buɗe, ganinsa ma sai da sallama a ƙofa biyu. Sai na rarrashi kaina da cewa rubutun yana nan a rufe, ba inda za shi. In faɗi gaskiya, har da tsoro a jinkirina. Muddin ban karanta ba, akwai sauran magana tsakanina da Malam.

A farkon bana wata abokiyar aikina ta ce mini, "Ashe an buɗe laburaren mijinki, ba ki gaya mana ba?" Ni ba wanda ya gaya mini. Washegari na tari keke napep na tafi. Gini ne mai kyau, ban hana shi ba. Allon da ke ƙofa sunan Alhaji ne a jiki, da manyan baƙaƙe. Na duba sama na duba ƙasa, babu Bukar. Na haɗiye, na ce wa kaina suna ba komai ba ne, na shiga.

Littattafan suna jere cikin kabad ɗin gilashi, kowanne da kwaɗo. An sake musu bango iri ɗaya, kore mai rubutun ruwan zinare, sai ka ce sojoji. Na zane babu ko ɗaya, na almara ma haka. Na tarihi ne suka cika wurin, sai 'yan na kimiyya masu kauri, waɗanda na tabbata kaurin ne ya cece su, an ɗauka na makaranta ne. Mai kula da ɗakin dattijo ne mai ladabi. Ya ce ana karantawa a nan, amma littafi ba ya fita. Na roƙe shi ya buɗe mini, na bi su ɗaya bayan ɗaya har na gane nawa. A shafin farko an liƙa takarda mai cewa gudummawar Alhaji ce ga al'umma. Na juya zuwa shafin baya da sauri, na manta da alkawarin satar leƙe. Babu shafin. An bi shi da reza tun daga sama har ƙasa, sai ɗan siririn gefensa da ya rage a jikin ɗinki. Na ɗauko wani, haka. Na ɗauko na uku, na huɗu. Dattijon ya kawo mini kujera na zauna.

Daga nan gidan Alhaji na wuce. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa a kawo lemo. Na ce, "Alhaji, ina shafukan baya?" Ya ce, "Haba Malama, ai ƙazanta ne. Kowa ya zo ya yi jagwalgwalonsa, har da direbobi. Manyan baƙi ne za su riƙa zuwa wurin nan." Na ce na zane da na almara fa? Ya ce waɗannan ai shirmen yara ne, ba su dace da laburare ba. Na ce to a ba ni su, da shafukan, in kai gida. Sai ya gyara zama ya ce, "An ƙone su tuni. Kin san mutane sun rubuta bisimilla da sunayen Allah a jiki, ba zan bari a tattaka ba." Yana faɗa yana kallona, yana jiran in ce Allah ya saka da alheri.

Na ce masa, "Akwai rubutunka a ciki, Alhaji. A bayan wani na zane ka rubuta cewa ka yi hawaye da dokin ya mutu. Na karanta da idona." Sai ya ɗauki wayarsa yana dubawa. A nan na gane ba ƙazantar direbobi ce ta dame shi ba. Ba ya son a tuna cewa ya taɓa zama a benci yana jiran a ara masa littafi. Na tashi na bar masa lemonsa.

Nakan tambayi kaina abin da Malam zai ce da ya ga Potiskum ta yau. Mutane na cewa waya ta kashe karatu, amma na san ba zai bi su ba. Da ya ga 'yan mata a keke napep sun duƙufa kan labari a waya har su wuce inda za su sauka, daɗi zai ji, ya tambaye su me ya riƙe su. Abin da zai ƙona masa rai kwaɗon nan ne. Shi a wurinsa littafin da bangonsa bai yi laushi da gumin hannu ba, bai fara aiki ba. Ga littattafansa yanzu sun yi tsaf, kuma duk zuwan da na yi ni kaɗai ce mai karatu a ɗakin.

Don na ci gaba da zuwa. Asabar shida na yi ina zama a ƙarƙashin hoton Alhaji da aka rataye a laburaren, ina karanta littafin da aka bar mini. Labarin wasu mutane ne a cikin jirgi, sun kama tafiyar da suka san ba za su ga ƙarshenta ba, sai jikokin jikokinsu. Akwai wata tsohuwa a ciki da ke kula da lambun jirgin, tana dasa itacen da ba za ta ci 'ya'yansa ba, tana faɗa da kowa a kan ruwa. Ni da na raina irin waɗannan littattafai, sai ga ni dattijon yana tuna mini an kira sallar azahar. Malam ya ci musun, bayan shekara goma sha ɗaya, kuma ba ya nan balle ya yi mini dariya.

Abin da ya rage na Malam ba kaɗan ba ne, na sani. Direban nan har yau in mun haɗu sai ya ba ni labarin abin da yake karantawa. Ma'aikaciyar jinyar ta tara nata littattafan tana ba marasa lafiya aro. Ana ce mini in dubi wannan in yafe, tunda Alhaji gini ya yi, ba rushewa ba. Wataƙila wata rana in iya, amma ba zan yi ƙarya a jarida ba, ban yafe ba. Da wuta ce ta tashi a sito, da na ce ƙaddara. Wannan mutum ne ya zauna ya ba da umarni a bi shafi ɗaya bayan ɗaya da reza, kuma shi ne ya tsaya a bayan labulena ya kira abin amana.

Allah ya haskaka kabarin Malam, ya sa ya huta. Na cika sharaɗinsa, na karanta littafin har ƙarshe. Da na kai shafin ƙarshe na juya, kamar yadda ya ce in yi. A kan siririn gefen da reza ta bari akwai ɗan wutsiyar harafi guda na shuɗin biro, ban ma iya gane wane harafi ne ba. Iyakar abin da Alhaji ya bar mini ke nan daga maganar mijina ta ƙarshe.