Ranar da na kwance hannun Yaya

Akwai wata Asabar da ba zan manta da ita ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina.

Lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Panshekara, ina ji da kaina. Yayana kuwa injin aske fata yake ja a wani kamfanin jima a Challawa, har hawan jini ya kayar da shi, hannunsa na dama ya shanye. Kamfani ya ce zai riƙe masa gurbinsa wata shida. In hannu bai dawo ba, wani ya hau injin.

Ranar Asabar ɗin na je dubiya, sai na tarar an naɗe masa hannun hagu, mai lafiyar, da ɗankwali. Ga wake a faranti, yana ta fama ya tsinta da shanyayyen hannun, gumi na zuba.

Na ce wa matarsa, "Wannan wane irin wulaƙanci ne? Magidanci guda?"

Ta ce, "Malam, mai gashin ƙashi ta asibiti ce ta ce a yi. Wai in an matsa wa ƙwaƙwalwa, za ta nemi wata hanya."

Na ce, "Ƙwaƙwalwa ba direban tirela ba ce. Abin da ya mutu a cikinta ya mutu. Ni nake koyar da abin nan."

Na kwance ɗankwalin, na ɗauki cokali na ba shi abinci a baki. Yaya ya dube ni, baki a karkace, ya ce, "Jiya bakwai na tsinta."

Na ce, "Sannu Yaya, ku huta."

Tunda mai boko ya yi magana, ba a sake ɗaurewa ba. Wata shida suka cika, wani ya hau injin.

Bayan 'yan shekaru na karanta a wata mujalla cewa ana gwada wata hula mai wayoyi a kan masu shanyewar jiki. Tana gane niyyar motsi a ƙwaƙwalwa, na'ura ta motsa hannun, a yi ta maimaitawa har sassan ƙwaƙwalwar da suka tsira su koyi aikin waɗanda suka mutu. Na je na karanta wa matar Yaya. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗe.

Ban san ko hannun Yaya zai dawo ba da na bar ɗaurin. Abin da na sani, ni na hana a gani. Tun daga nan, in na ga mutum yana fama, sai na tambaye shi kafin in tausaya masa.