Allon Ɗan Sale da Na Goge wa Baki

Shekara tara ke nan da rasuwar Sale Gumel. Mota ɗaya ce ta kife da mu a hanyar dawowa Riyad daga tuddan jan yashi. Ni aka zaro ni da karyayyar ƙafa, shi aka zaro shi aka rufe masa fuska. Ban saba magana a kansa ba. Bana na yi wani abu da ya sa dole in yi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kafilinmu, wato Balaraben da takardar zamanmu ke hannunsa, yana da zango a bayan gari inda baƙi ke zuwa shan iska a ƙarshen mako. Ni direba ne, in kwaso su in mayar. Sale shi ke kula da allunan sulu. Allo ne dogo mai ɗagaggen kai, mutum ya ɗaure ƙafafunsa a kai ya gangaro daga saman tudu. Asali don dusar ƙanƙara aka yi su. Turawa masu barin ƙasar ke zubar da su a kasuwar gwanjo, kafili ya kwaso, mu kuma mu sa su a yashi.

Duk allon da ya shigo sai ya bi ta hannun Sale. Ya tsayar da shi, ya dafa tsakiyarsa ya danna, ya kara kunne. In ya ji ƙara irin ta ƙofa mai tsatsa, ya jefar gefe. Ya duba kan allon, inda katako da roba suka haɗu, don nan yake fara ɓarewa. Wanda ya tsallake wannan, sai ya zauna da magagari ya bi siririn ƙarfen da ya zagaye gefensa, ya goge kaifin har ya koma kamar bayan cokali. Sannan ya shafa masa kyandir a ƙasa. Shekara da shekaru ina gefe da kofin shayi ina kallo. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Shi ma ba mai yawan magana ba ne.

Da zai leƙo garin nan yau, ban san abin da zai fara kallo ba. Mata na tuƙo manyan motoci da kansu har gindin tudu. Zangon kafilinmu ya tashi, wasu kamfanoni sun kafa nasu da fitilu da kiɗa. Ni na koma jigilar ma'aikata daga unguwar Shifa zuwa ofisoshin unguwar Ulaya. A Ulayan nan, a garin da bai taɓa daskarewa ba, akwai shago guda da ba ya sayar da komai sai kayan ƙanƙara. Ina jin wannan ne zai ba shi dariya.

Ya bar ɗa namiji, Hadi. A nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Yanzu magidanci ne, yana aiki a kamfanin gine-gine, kuma sulun da ya koya a yashi wurin ubansa ya kai shi duwatsu masu dusar ƙanƙara a ƙasar Jojiya. Duk lokacin sanyi yana zuwa yana hayar allo. Ya wuce ɗan koyo, bai kai gwani ba. Bana ya ce yana son nasa na kansa, mai ƙarko, wanda zai iya barin hanyar da aka share ya shiga gangaren da ba a taɓa ba. Ya kira ni.

"Ammi, za ka raka ni shago. Kai ka ga yadda Baba yake zaɓa."

Ammi yake ce mini, wato baffa. Tun da ubansa ya rasu bai yanke wata babbar shawara ba sai ya biyo ta ɗakina. Aurensa ma ni na karɓa masa. Ba ni da ɗa a ƙasar nan, kuma ba ni da wani abu da na fi riƙewa da hannu biyu kamar wannan kiran.

Muka je. Mai shagon ya jera mana alluna yana bayani da Turanci, Hadi na juya mini. Wai kada ya ɗauki mai laushi sosai, zai riƙa rawa in gudu ya yi yawa. Kada kuma ya ɗauki mai taurin gaske, wannan na gwanaye ne, zai yar da shi. Kan gaba ya fi na baya tsawo don ya taso saman dusar. Faɗinsa ya dace da takalmi. Rubutun jikinsu ban iya karantawa ba, don haka na yi abin da na gani. Na tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, na danna, na kara kunne, na duba mahaɗa. Na nuna wani baƙin allo da ya kai Hadi haɓa. Mai shagon ya ce shi ma shi zai nuna. Hadi ya dube ni ya ce, "Wallah kamar Baba." Nan kaina ya kumbura.

Bayan ya saya, aiki ya kira shi garin Dammam, ya bar allon a ɗakina kafin ya dawo. Na fito da shi daga jaka na shafa gefensa, ƙarfen ya kusa yanka mini yatsa. Sai na ce a raina, ashe ba su gama aikinsa ba. Ni duk zamana da Sale ɗauka na yi haka ake gama allo, kamfani ya yi nasa, mai hankali ya ƙarasa. Na ce yaron nan ba shi da uba, bari in yi masa abin da ubansa zai yi. Ba ni da magagari. Na ari injin gugar ƙarfe wurin wani mai walda a layinmu, wanda Larabawa ke kira saruk. Bayan la'asar na zauna a ƙofar ɗaki na bi gefen nan biyu, tartsatsi na tashi. Na cinye ƙarfen har ya kusa ƙarewa. Na shafa kyandir. Na mayar cikin jaka ina jin daɗi.

Da ya dawo ni da kaina na buɗe masa jakar. Ya bi gefen da babban yatsa, daga sama har ƙasa. Ya juya ɗaya gefen. Sannan ya ɗago.

"Ammi, wa ya taɓa shi?"

"Ni. Yadda ubanka yake yi."

Ya zauna a bakin katifa. A hankali ya yi maganar, yana neman kalmomin Hausa. Ya ce a yashi ba a buƙatar kaifi, kuma baƙi babu takalmi suke hawa, ga yara. Wata mata ta taɓa faɗuwa allo ya tsaga mata ƙwauri, tun daga ranar ubansa yake gogewa. A dutse kuwa, inda dusa ta daskare ta zama kamar gilashi, kaifin nan shi ne birki, shi ne sitiyari. In babu shi, mutum sai inda gangare ya kai shi.

"Da ban duba ba fa?" Ya faɗa, ba da ni yake ba.

Na ga mutuwa kusa, na kwanta asibiti ba mai leƙo ni, an zage ni a wurin aiki da harshen da ban iya ramawa da shi ba. Duk ban sunkuyar da kai ba. Ranar nan na kasa kallon yaron da na goya a kafaɗa. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Ma'alesh, Ammi, khalas," wato ba komai, ya wuce, ya sha ruwan da na ba shi, ya tafi ya bar allon.

Allon yana nan jingine bayan ƙofa. Kullum in na shigo shi nake fara gani. A zaman nan da nake yi da shi na tuna abin da na riƙa gani ban lura ba. Sale bai taɓa miƙa wa baƙo allo ba sai ya tambaye shi. Ka taɓa hawa? Wane tudu za ka, ƙaramin ko babban? Da takalmi ko babu? Da Larabcinsa na kasuwa da hannu yake yi, baƙi na ƙosawa, shi ko a jikinsa. Ni hannunsa na kalla, na ɗauka na san aikin. Da yana nan ba zai zage ni ba. Zai ce, "Tanimu, ka tambayi yaron ina za shi?" Daga nan ba zai ƙara ba.

Mutane na cewa mamaci yana barin abin koyi. Gaskiya ne, amma ba kowa ke ɗaukar daidai ba. Sale bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar hali na duba wanda ke gabansa kafin ya taɓa kaya, kuma a wurin ɗansa halin ya sauka. Shi ya sa ya bi gefen allon da yatsa, ko da yake ni na miƙa masa. Allah Ya jiƙan Sale, Ya sa ya huta.

Na yi zaton kiran ya ƙare. Na daina ɗaukar waya da sauri don kada in ga ba shi ba ne. Jiya ta yi ƙara ina cikin cunkoso.

"Ammi, Juma'a bayan la'asar za mu koma shago mu zaɓi wani. Kai za ka danna, kai za ka saurara." Sai ya ƙara da cewa, "Amma saruk, mamnu'. An hana."

Ya yi dariya. Ni ban iya yi ba, na dai ce to. Zan je. Kafin in ɗora hannu a kan kowane allo zan sa shi ya gaya mini yadda dutsen yake, in rufe bakina har ya gama.