Amshin da Na Hana Inna

Jama'a, an san ni da ƙarin gishiri, in na ga kyanwa sai in ce zaki na gani, amma wallahi tallahi wannan ko ƙwaya ban ƙara ba. Shekarun baya ne, ina jan taksi a Makka, aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, muka dawo da Inna mahaifiyata wata shugga, wato gidan haya a saman bene, a unguwar Shisha. Tun daga nan gigin tsufa ya danne ta, ta daina magana ɗungurungum, in na shigo da tumbin nan nawa mai toshe ƙofa sai ta kalle ni kamar mai kawo gas. Ba abin da nake roƙo sai ta gane ni, ko sau ɗaya.

To akwai 'yar ƙanwata Samira, haihuwar Makka, Hausarta rabi Larabci, tana karatun jinya da waƙa, jarrabawar shahada, wato ta kammala karatu, ta matso. Duk ta manne firji da katunan kalmomin likitocin ƙwaƙwalwa: wannan haraf, wato gigin tsufa, wancan halwasa, wato jin abin da babu. Ni kuwa tsokana: "Dakta, kalangu nawa zan sha bayan abinci?"

Ta ce, "Kawu, halas, wasan ya isa. A karatunmu waƙar ƙuruciya ce ke barin kai daga ƙarshe. Yalla, mu gwada wa Sitti." Haka take kiran kakarta.

Bayan la'asar ne, rana tarwai, mu uku kacal a gidan. Samira ta kifa roba tana bugun daka a hankali. Can sai Inna, bayan shekara biyu ba magana, ta buɗe baki ta rera: "Gero ya yi yawa, wa zai taya ni?" Ta tsaya, ta zuba min ido. Waƙar daka ai sai da amshi. Samira ba ta san shi ba, ni na sani, ina goye na koye shi, amma ƙato da gemu, kunya ta kama ni wai waƙar mata, sai na ɓige da dariya na ce, "Inna, ai nan shinkafa ake ci."

Ta sake rerawa. Sai daga kicin, muryar wata budurwa, siririya, ta amsa: "Ga ni, Hanne, ga ni." Innalillahi! Hanne sunan Inna ne na ƙauye, ba mai kiran ta da shi a Makka. Inna ta ɗauke ido daga kaina, ta juya ƙofar tana murmushi, tana bayarwa ana amsawa har baiti biyar. Na rarrafa na leƙa, ba kowa, hawa na huɗu ne, taga da ƙarfe, maƙwabtanmu ko sannu ba su sani ba da Hausa.

Samira ta ce, "Kawu, halwasa mutum ɗaya ke ji. Mu uku fa muka ji." Ta bi katunanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu sunan abin ba.

Washegari na durƙusa gaban Inna ina rera amshin har muryata ta dishe, ko kallona ba ta yi ba. Kwana tara Allah Ya karɓi abarsa. Har yau ban san wadda ta taya ta ba.

Don Allah, in tsohonku ya ɗauko waƙa ya kalle ku, ku amsa, ko da muryar jaki ce da ku. Ni an riga ni.