Kifin da bai isa miya ba

"Baba, matso ka gani," in ji 'yata Hadiza, muna kiran bidiyo, ta juyo salula wajen wani akwatin gilashi. Kifaye ne ƙanana masu zane, ko ɗan yatsana ba su kai ba.

Shekara uku ke nan ina fushi da ita. Wata guda da rasuwar uwarta ta koma labo ɗinsu, ɗakin bincike, a ƙasar waje, ta bar ni a Kara-Kara ni kaɗai.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na san kifi. Da banda na ci da gidana. Uwarta ke kaɗe tokar, ni ina jerawa a tabarma, Hadiza kuma tana satar kan tarwaɗa tana tsammanin ba mu gani.

Na ce, "Saboda wannan kika bar ubanki? Ɗari ma ba su cika tukunya!"

Ta yi dariya. Ta ce, "Baba, kifin nan ko an yanki zuciyarsa, sai ta sake tohowa. Muna canza ƙwayoyin halittarsa ɗaya-ɗaya, mu gano wacce ke yin aikin. Ciwon zuciyar da ya ɗauki Inna nake bi."

Na sake duban kifayen. Can na ce, "To kina ba su abinci dai? Sun rame."

Ban ce na huce ba. Amma gobe zan aika mata banda, da kawunan duka.

Jama'a, in ku ne, har yaushe za ku riƙe fushin?