Rabon Gadon Neino

A Tsibiri na yi ƙuruciyata, hannun kakata ta wajen uba, Kaka Delu. Babana tela ne a Maradi, lokacin ɗaki ɗaya yake haya, sai aka kai ni wurin tsohuwa in riƙa ɗebo mata ruwa. Mu huɗu ne jikoki a gidan. In sanyi ya shigo, da an yi magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta da karan hatsi a ƙofar ɗakinta, ta zube mana gujiya a faifai. Kaka ba ta tatsuniya kyauta. Muddin hannunka na ɓara, bakinta na motsi. Ka tsaya, ta tsaya.

Yawancin labaranta na dariya ne, har da kwaikwayon muryar kura. Guda ɗaya ne ba a dariya a cikinsa. Ta ba mu shi ranar da aka raba gadon wani maƙwabcinmu, rabon da sai da aka ɗaga sanduna. Ta daɗe tana tura kara cikin wuta kafin ta ce, "Ga wata nan tahe, amma ba ta da daɗi."

Muka ce, "Ta iso haka nan, Kaka."

Wai an yi wani manomi a bakin Gulbi, sunansa Neino. Abin da ya mallaka bai da yawa: gona ɗaya, rumbu ɗaya, jaki, awaki biyu, da gidan da ya gada. Ya rasu ya bar matarsa, da ƴaƴa maza biyu, Bawa da Arzika, da ɗiya mace, Tsahara, wadda ke aure a Jiratawa. Uwarsu ɗaya dukansu.

Bayan sadakar arba'in, liman da dattawa suka zo rabo. Aka auna gona da igiya, aka kafa duwatsu. Aka fito da dammunan hatsi daga rumbu aka kasa. Bawa ya ɗauki jaki, Arzika ya ɗauki awaki. Rumbun kansa suka rushe shi, don kowa ya samu itacensa. Aka fitar wa Tsahara da nata, aka yankar wa uwar tumuninta a gefen gona, ɗan zirin da ba ta da ƙarfin nomawa. Sai aka zo kan gida. Suka ja darni ta tsakiya, darnin ya taho ya tsaya a jikin ɗakin tsohuwa, rabinsa wajen Bawa, rabinsa wajen Arzika.

"Liman ya duba," in ji Kaka, "ya ce, to an raba komi, wa za shi riƙe uwarku? Babba ya dubi ƙarami, ƙarami ya dubi ƙasa. Sai sunka ce ita ma a raba ta."

Aka shirya kwana bakwai-bakwai. Daga Juma'a zuwa Juma'a Bawa ya ciyar da ita, sannan Arzika ya karɓa. Haka aka yi ta yi har bazara ta kama, hatsi ya ja baya a kowane gida.

Cikin wani makon Bawa, Tsahara ta haihu, tsohuwa ta tafi Jiratawa ta kwana uku. Ta dawo ranar Juma'a da zazzaɓi a jikinta. Bawa ya ce makonsa ya cika, yanzu ta Arzika ce. Arzika ya ce sam, kwana huɗu Bawa ya ciyar, sai ya cika ukun da suka rage. Ba su zauna sun yi maganar ba, don tun ranar rabo ba su ko gaisuwa. Kowa ya hana matarsa kai ƙwarya. Kowa kuma ya kwantar da hankalinsa cewa ɗan'uwan zai gaji ya kai.

Tsohuwa tana kwance a ɗaki. Ta dama tana jin daka, ta hagu tana jin daka. Da maraice ƙamshin miya ya shigo mata ta ɓangare biyu. Ta wanke ƙwaryarta ta ajiye a bakin ƙofa. Ranar kasuwa Tsahara ta aiko da yakuwa da albasa daga lambunsu, matar da ta kawo saƙon ita ta tura ƙofa ta same ta ta cika.

Na tuna wutar ta kusa mutuwa, ba wanda ya ƙara kara. Duk mun daina ɓara, Kaka kuwa ba ta tsaya ba, ranar ta manta da dokarta.

Na ce, "Kaka, don me ba ta yi kira ba?"

Ta ce, "Ke Dije, da wane baki? Uwa ta roƙi tuwo ga ɗan da ta shayar?"

Ta ce ranar sadakar uku kowannensu ya yanka dabba, don kada gari ya ce ɗan'uwansa ya fi shi. Aka ci tuwo har aka zubar. Bayan arba'in liman ya dawo, aka raba tumuninta da ɗakinta da ƙwaryar.

Ɗan baffana ya tambaya, "To Allah ya kama su?"

"A nan duniya? A'a. Sun tsuhwa, sun ga jikoki, ana gaishe su. Iyakarta ke nan, ba ni da ragowa. Ku kwashe ɓawon ku zuba ma wuta."

Shekaru suka wuce. Kaka ta rasu, na koma Maradi, na yi karatu na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, na yi aure. Baba kuma ya samu ya gina gida a unguwar Zariya ta Maradi, inda Inna mahaifiyarmu ta dasa itacen bedi, wato dogon yaro, da hannunta ta zauna shekara da shekaru. Da ya rasu, mu uku ya bari: Yaya Sani, ni, da ƙanena Lawali. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya nemi gidan, zai rushe ya yi wurin ajiyar kaya. Ba mu yi faɗa ba. Malam ya yi rabo daidai yadda shari'a ta ce, ya fitar wa Inna da tumuninta. Tana bayan labule tana cikin takaba, ba wanda ya tambaye ta komai.

Malam na naɗe takardarsa ya ce, "To, ita Hajiya fa?"

Yaya Sani ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Sai ta riƙa zagayawa, wata-wata."

Na san labarin nan, na san inda ya ƙare. Amma ina da ƴaƴa huɗu a gidan haya, kuma na riga na ga wani fili da nake son saye. Na ce wa kaina ai mu ba Bawa da Arzika ba ne. Aka miƙo min biro na sa hannu a takardar sayar da gidan.

Gaskiya ba wanda ya bar Inna da yunwa. Ko'ina ta je ana girmama ta. Sai dai na lura ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta gaba ɗaya ba, abin da za ta sa kawai take zarowa ta mayar da ɗaurin.

Wata rana na dawo daga lakwal da azahar, na tarar da ita zaune a tsakar gida kan ƙullin, ta yafa gyale. Ɗaya ga wata ne, Lawali zai zo ɗaukarta, wani aiki ya tsare shi. Furar da na dama mata tun safe tana nan a rufe.

Na ce, "Inna, ba ki sha komai ba?"

Ta ce, "Ai yau ba kwananki ba ne, Dije."

Na durƙusa na kwance ƙullin da hannuna, na jera kayanta a ɗakin yara, na kira ƴan'uwana na ce zagaye ya ƙare. Ba wanda ya musa. Ina jin har sauƙi suka ji.

Muna yara mun ɗauka labarin mugayen ƴaƴa Kaka ta ba mu, shi ya sa muka so a ce an kama su. Yanzu na gane kowannensu gaskiyarsa yake gani, kowa na da ƙidayar da zai kare kansa da ita. Ni ma na yi tawa, ta kuma fita daidai. Gidan Zariya an rushe shi, an sare bedin. Inna tana wurina shekara ta uku ke nan, ta yi ƙiba, tana wasa da jikoki. Amma har yau, duk lokacin da wata ya kusa ƙarewa, sai ta kira ni gefe ta rage murya ta ce, "Yau nawa ga wata?"